Na je Ikeja neman i7, wata Alhaja ta mayar da ni kan i5

Salam 'yan gida, musamman abokan sana'a masu hoto. Wata na takwas kenan a Legas, ina Agege wajen maigidana ɗan Sakkwato mai situdiyo, aikina dai wanda kuka sani, gyaran hoton biki da banar talla da kalanda. Sai dai nan ba kamar gida ba ne, duk Asabar biki ne, mutum zai kawo maka hoto ɗari huɗu daren Lahadi yace Talata yake son albam ɗinsa, kuma ba ruwansa da wani uzuri. Laftof ɗin da na taho da ita daga Kano ram ɗinta, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da kake kai, 4GB ne kawai, in na buɗe hoton RAW, wato ɗanyen hoto yadda ya fito daga kyamara, na ɗora leya (shimfiɗar gyara) biyar shida sai ta sandare, ina zaune ina kallon amarya rabin fuska a gyare rabi ba gyara. Maigida ya gaji yace gashi, je ka nemo kwamfutar tebur irin ta ofis, tokumbo wato ta hannu, kar ka wuce abin da na baka.

Na sauka ƙarƙashin gadar Ikeja na nufi Computer Village, kasuwar kwamfuta, ta layin Otigba, ban yi taku goma ba yara suka yanyame ni, aboki zo nan aboki me kake nema, wani har da jan hannun rigata. Na bi ɗaya muka hau wani bene, mai shagon ya ajiye min wata Dell a gabana ya nuna sitikar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yace i7 ce ba i5 ba, ai ko yaro ya san bakwai ta fi biyar. Nace wane jenareshon ce, wato ƙirar wane zamani, a kunna in gani. Wallahi sai ya kwashe da dariya ya juya wajen na kusa da shi yana cewa wai tun yaushe aboki ya bar shanu da canji ya fara tambayar jenareshon, duk shagon suka ɗauka. Ni da na shekara tara ina wannan aikin. Raina ya ɓaci sosai, na sauko ban ce komai ba, har na fara tunanin in koma Agege in ce ban samu ba.

A ƙasa ne na ga wani ɗan shago, wata Bayarbiya dattijuwa suna ce mata Alhaja, kwamfutocin ofis jibge har rufi. Tace Malam zauna, wane aiki za ka yi da ita? Tunda na shigo kasuwar ba wanda ya min wannan tambayar. Nace Photoshop da CorelDRAW, hoton biki, kuma i7 nake so. Tace ka zo da aikinka? Na ciro filas, ta sa yaronta ya jona kwamfuta biyu gefe da gefe, ɗaya i7-3770 irin wadda aka so liƙa min a sama, ɗaya i5-8500, aka buɗe fayil ɗina ɗaya a kansu. Da idona na ga i5 ta gama ta bar i7 tana ja. Tace waccan ta 2012 ce koya huɗu gare ta, wato hannayen aiki huɗu a cikin firosesan, wannan ta 2018 ce koya shida, lambar farko bayan ɗan layin da ke bin i5 ko i7 ita ce jenareshon, ita za ka duba ba sitika ba. Ta ƙara min da cewa Microsoft sun daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga jenareshon na takwas take farawa a Intel, to duk wanda ya sayi ƙasa da haka yanzu ya sayi abin da aka riga aka rufe wa ƙofa.

Kusan awa biyu matar nan ta yi da ni kuma kuɗina ba wani mai yawa ba ne. Ita ta hana ni zuba rabin kuɗin a girafik kad, wato katin da ke fitar da hoto a sikirin, tace yawancin aikin hoto firosesa da ram ke ɗauka, kad mai 4GB ya ishe ni tunda ba gem zan buga ba. Ram tace 16GB, silla biyu 8 da 8 sun fi guda ɗaya gudu, su Adobe masu Photoshop ma 8 suka sa a mafi ƙaranci 16 suke ba da shawara. Hard disk mai juyawa tace a bar shi don ajiyar tsofaffin hotuna kawai, Windows da Photoshop su zauna kan SSD, ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, kuma kar in bari ya cika, don in ram ya ƙare nan Photoshop yake aron wuri. Sai tarkon da da na faɗa ciki: ƙananan akwatin nan sirara na OptiPlex da EliteDesk da muke so saboda kyau, wutar cikinsu wajen wat 200 ce, babu wayar da za ka ba babban kad wuta, tsayinsa ma ba zai bar murfin ya rufu ba. Wurin da ake soka kad ɗin kansa wat 75 yake bayarwa iyaka, don haka sai gajeren kad irin Quadro P1000 ko GTX 1650 gajera. Quadro ɗin ta sa min.

Monita kuwa nan ne na ji kunyar aikin da na yi shekaru. Kun tuna yadda muke gyara hoto ya yi kyau a sikirin, a kai wanki ya fito fuskar amarya ta yi ja ko ta yi toka, lallen ya koma baƙi ƙirin, ankon da yake ruwan goro ya zama wani abu daban, mu yi ta zagin masu firintin? To rabin laifin namu ne. Ta ɗora hoton nan kan monita biyu tace ɗan sunkuya, ɗan miƙe. Mai arhar, irin gilashin da ake ce wa TN, kala tana canzawa da motsin kaina, mai gilashin IPS kuwa tana nan daram. Fatar mu baƙa kuskure kaɗan ne ke ɓata ta. Na rage kuɗin sifika da kibod mai wuta na ɗauki Dell mai IPS inci 24.

Ta rubuta rasit da lambar jikin kowane abu, garanti sati biyu. Kwana tara sillar ram ɗaya ta fara kashe min kwamfutar, na kwashi go-sulo na koma gabana na faɗuwa, ta duba lamba ta duba rasit ta ce yaro canza masa. Shikenan, ko minti goma ba a yi ba.

A motar dawowa gida kawai nake tunawa. Mu a wajenmu in kace a kunna ka gwada sai mai kaya yace haba ɗan uwa ba ka yarda da ni ba ne, ya hau rantsuwa, kai kuma kunya ta kama ka ka biya. In ta lalace bayan kwana uku yace ai lafiya lau na baka, wutar gidanku ce, in ka matsa a ce ka cika fitina a kan abin duniya, ga shi kun haɗa unguwa ko masallaci. Rasit ma sai ka roƙa. Kuma mu masu saye da namu laifin, sitika muke saye, kowa so yake a ji yace tawa i7 ce, ba mai tambayar shekararta. Wannan abin yana min ciwo don masu hoton Arewa muna da hannu wallahi, kayan aiki ne ke kashe mu.

Amma kar ku ɗauka nan aljanna ce. A gida in kuɗinka bai cika ba za a ce ɗauka ka kawo ciko bayan sallah, a baka ruwa a tambayi su Hajiya, nan naira ɗari ta rage ba ka fita da kaya, ita Alhajar ma da kirkinta ba ta rage min ko sisi ba. Ga kalmar abokin nan da har yanzu take min zafi. Ga danshi, ga wuta da sai da na koma na sayi UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, bayan ta ɗauke min ana tsaka da albam. Wani lokacin da daddare ina gyara hoton bikin da ban san kowa a ciki ba sai in tuna shagonmu da shayin bayan isha'i, in ji kamar in tattara.

Ƙanena da kace an yi maka tayin wata HP, kar ka ba da ko kwabo tukuna, sa a kunna, ka shiga inda ake ganin bayanin na'urar ka ɗauko min hoton lambar firosesan da ram ka turo ta WhatsApp. In ya ƙi kunnawa ka bar masa kayansa, zan taho maka da ɗaya in Allah ya kai mu babbar sallah.