Ƙwallon la'asar ko sassarfar asuba? Amsa ga ƙanenmu na jami'ar Birnin Kebbi

Ƙanenmu da ya shiga aji ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ya jefo tambaya a zauren nan. Ya ce tun da karatu ya kankama, daga aji sai ɗaki sai masallaci, jikinsa ya yi nauyi, lakcar rana kuwa da gyangyaɗi yake ƙare ta. Abokan ɗakinsa sun rabu biyu: wasu na jan sa filin ƙwallo bayan la'asar, ɗaya kuma na cewa su riƙa fita sassarfa bayan sallar asuba. Lokacinsa ba zai ɗauki duka biyun kullum ba, to wanne zai kama?

Ƙanena, kafin a auna su sai a fara sanin mudun. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce mutum ɗan shekara 18 zuwa 64 yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ba sai da wata na'ura za ka bambanta su ba. In numfashinka ya ƙaru amma kana iya hira da na kusa da kai, matsakaici ke nan. In sai ka tsaya ka ja iska kafin ka haɗa kalma huɗu ko biyar, ka shiga mai tsanani. Minti ɗaya na mai tsanani yana tsaya wa biyu na matsakaici.

In a takarda ne, ƙwallo ta cinye. Akwai gudu na ƙure ƙarfi, akwai tsayawa farat ɗaya, akwai juyi da tsalle da turereniya, zuciya da huhu da cinya duk suna shan aiki. Ƙwararren ɗan wasa yakan ci kusan kilomita 10 a wasan minti 90. Wanda ya buga cikakken wasa sau biyu a mako ya biya bashin hukumar har da ragowa.

Sai dai kai ba wasan minti 90 za ka je ba, set za ka je, kuma duk wanda ya yi zaman makaranta ya san yadda set yake. Fili ɗaya, mutum ya fi talatin. Ana raba ku biyar-biyar ko shida-shida, wanda aka zura wa ƙwallo ya fita, wanda ya ci ya tsaya. A ce rukuni biyar ne kuma kowane zagaye minti goma. In naku ba su da ƙarfi, kana iya shiga sau biyu kacal daga la'asar zuwa kiran magariba, ragowar lokacin kana zaune bakin layi kan takalminka kana yi wa wani ihu ya ba da fasin. Ga musun an taɓa da hannu ko ba a taɓa ba, wanda shi kaɗai yakan cinye minti biyar. Ga kuma al'adar da ba a rubuta ba, cewa ɗan aji ɗaya da ba a san ƙafarsa ba shi ake turawa raga. Ka bar ɗaki ƙarfe huɗu da rabi, ka dawo wajen bakwai da ƙura har gira, ka ɗauka ka yi aikin awa biyu, alhali zufar da ka yi ta gaskiya ba ta wuce ta minti ashirin ba. Bayan haka ga layin wanka, ga neman abinci, karatun dare kuwa sai dai a gwada.

Abu na biyu da ƙwallo ke zuwa da shi rauni ne, kuma a nan babu haɗi tsakaninta da sassarfa. Filayenmu tsandauri ne in rani ya yi, ga tsakuwa, ga wanda ya sa takalmi mai ƙusa yana taka wanda ya shigo da kambas ko ƙafa ba takalmi. Targaɗen idon sawu shi ya fi yawa, sai gwiwa da tsokar bayan cinya. Sau da yawa kuma suna faruwa ne ga wanda ya taso daga zaman lakca ya faɗa fili ba tare da ya ɗumama jiki ba. Minti goma na sassarfa a hankali da miƙe gaɓoɓi kafin a fara yana rage wannan sosai. In an yi targaɗe, ka huta, ka ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, ka ɗaure da bandeji ba tamau ba, ka ɗaga ƙafar sama. Kar ka bari abokai su hau murza wurin da ruwan zafi nan take. In kuwa ba ka iya taka ƙafar ko taku huɗu, wannan ya wuce dabarar ɗaki, asibitin makaranta za a kai ka a ɗauki hoto. Ka tuna ɗalibin da ke ɗingishi saura mako biyu jarrabawa, babu malamin da zai ɗaga masa ranar.

Duk da haka ba zan zage ƙwallo tas ba, don tana ba da abin da sassarfa ba ta da shi: mutane. A fili za ka san ɗan wata tsangaya da ba za ku taɓa haɗuwa a aji ba, a fili manyan aji za su riƙe sunanka. Ranar da kasala ta kama ka, wani zai buga maka ƙofa ya ce ana jiran ka. Kuma in Allah ya ba ka ƙafa, ta nan ake bi a shiga ƙungiyar sashe, daga nan ta tsangaya, har ta makaranta mai zuwa gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA, wadda aka fara a Jami'ar Ibadan a 1966.

Sassarfar asuba ba ta da wannan armashin, amma lissafinta a fili yake. Minti talatin, kwana biyar, minti 150 ke nan, ko da tafiya mai sauri kawai ka yi. Tafiyar da ta kai taku 100 a minti ta shiga matsakaici, kuma a rabin awa za ta kai ka wajen kilomita biyu zuwa biyu da rabi. Ba ka jiran fili, ba ka jiran a cika, ba ruwanka da wanda ya ɓoye ƙwallo don an ɓata masa rai jiya. Kambas ɗaya mai laushin ƙasa ya wadatar. Mafi girman abin da ya sa nake fifita ta a ƙasarmu shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu Birnin Kebbi takan haura digiri 40 da rana, kuma ƙarfe huɗu da rabi ƙasa ba ta huce ba tukuna. Bayan asuba ne kaɗai iska ke da sanyin da mutum zai yi gudu bai galabaita ba.

Amma akwai wani abu game da hantsin Kebbi da ba kowa ke lura da shi ba. Mu a can yammacin ƙasar muke, agogo kuwa ɗaya ne da na kowa, shi ya sa rana ke fito mana ta kuma faɗi bayan ta Maiduguri da fiye da rabin awa. Ga 'yan ƙwallo wannan riba ce, yammaci yana da tsawo. Ga mai sassarfa kuwa a Disamba da Janairu, sai wajen ƙarfe bakwai rana ke ɓullowa. In kana da lakcar ƙarfe takwas, tazarar da ke tsakanin wayewar gari da shiga aji ƙarama ce, balle in a cikin gari kake zaune sai ka nemi motar zuwa mazaunin makarantar na hanyar Kalgo zuwa Bunza. Kar wannan ya sa ka fita cikin duhu. Da yanayin tsaron da muke ciki, da macizan damina, ka tsaya cikin harabar makaranta, inda mutane ke kai-komo, ku biyu ko uku, bayan gari ya fara haske. Ranar da hazo ya yi kauri har kana jin ƙura a maƙoshi, ka mayar da gudun tafiya ko ka haƙura da shi.

Raunin sassarfar asuba na gaskiya barci ne. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana danna waya, ya tashi asuba, ya ƙara da gudu, gyangyaɗin da kake kuka da shi ninkuwa zai yi. Baligi na son barcin awa bakwai ko fiye. In ba za ka iya kwanciya kafin sha ɗaya ba, gyara wannan tukuna. Sai kuma ɗokin sabon shiga, a ce ranar farko sai an zagaye makaranta duka, washegari ƙwauri ya ɗauki ciwo, a mako na biyu an watsar. Fara da tafiya mai sauri. In jiki ya saba, ka riƙa gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

In ni ne kai, safiya zan riƙe kwana uku ko huɗu a mako, in bar ƙwallo ga Asabar da wata yamma guda da ba ni da tes washegari. Dalilina shi ne in jarrabawa ta matso fili watsewa yake yi, haka in an shiga azumi, haka in ruwa ya kwanta a filin a Agusta. Mai dogaro da ƙwallo kaɗai yakan yi wata biyu bai motsa ba, sannan ya dawo da ƙarfinsa na da a zuciya, ba a ƙafa ba, nan ne ake jin ciwo. Wanda ke da safiyarsa kuwa in ya shiga set ba ya haki tun zagayen farko.

Ƙwallo da sassarfa dukansu biyun ba sa taɓa kafaɗa da hannu da baya yadda ya kamata. Wannan ba sai an biya kuɗin gidan motsa jiki ba: fires-of (dafa ƙasa da hannu biyu kana ɗaga jiki), tsuguna-tashi, da ɗaga jarkar ruwa cike, minti goma sha biyar a tsakar ɗaki sau biyu a mako. 'Yan'uwanmu mata da ke karanta wannan, ku ma hanya a buɗe take. Tafiya mai sauri cikin hijabi ku uku ko huɗu, ko tsallen igiya a farfajiyar hostel, duk cikin lissafin nan suke.

Ruwa kuma kar ka jira ƙishi. Sha kafin ka fita, ka riƙe leda ɗaya ko biyu in fili za ka. Fitsarinka zai gaya maka gaskiya, in ya yi duhu ruwa ya yi ƙaranci. Wanda ya fara jiri, ko amai, ko magana ba kan gado a cikin rana, a janye shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi asibiti da shi, ba a ce ya daure ba. Da azumi, ko dai tafiya marar wahala dab da shan ruwa, ko a bari sai bayan tarawihi.

Ba ka faɗa mana ko kana da wata lalura ba. In kana da sikila, ko asma, ko an taɓa ce maka jininka na hawa, ko ka taɓa jin ƙirjinka ya riƙe ko ka suma a wajen gudu, ka fara biyawa ta asibitin makaranta likita ya gaya maka iyakarka kafin ka sayi ko da kambas. Mai sikila musamman, gudu mai tsanani cikin zafi da ƙarancin ruwa na iya tayar masa da ciwo, mai asma kuma ya fita da abin shaƙarsa a aljihu, balle lokacin hunturu.