Wuƙar aljihun da ba ta rufewa a kan yatsa

Akwai tabo a yatsana manuni na hannun dama. Wata wuƙar aljihu mai araha ce ta bar mini shi: ina danna ta cikin kwali mai kauri, ruwan wuƙar ya naɗe ya dawo kan yatsana. Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa a wuƙa mai naɗewa shi ne makullinta, kaifi ya biyo baya.

Shi ya sa na sayi Opinel mai lamba 8, yau shekara biyu ke nan tana aljihuna. Ƙirar Faransa ce, daga yankin Savoie, inda Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890. Ƙotarta itace ce, tsawon ruwanta santimita 8.5, ba ta da nauyi ko kaɗan. Abin da ya fi burge ni shi ne zoben ƙarfen da ke wuyanta, wanda aka ƙara mata a 1955. Ka buɗe wuƙar, ka murɗa zoben da babban yatsa, shi ke nan ta tsaya ƙyam. Ko ka danna ta da ƙarfi, da wuya ta dawo.

Da ita nake farka kwali, in yanke igiya, in fiƙe wa yara fensir, in fere wayar lantarki. Ruwanta siriri ne, don haka yanka take yi, ba ta yaga. Amma ba a ɓamɓare murfin gwangwani ko kwance ƙusa da ita, bakin zai iya karyewa.

Na zaɓi mai ƙarfen kabon saboda sauƙin wasawa. Shafa biyar ko shida a kan dutse, ta koma tana aske gashin hannu. Wannan ƙarfen yana son kulawa. Wata rana na yanke jiƙaƙƙiyar igiya na naɗe ta ban goge ba, da safe na tarar da ɗigo-ɗigon tsatsa. Sakacina ne. Yanzu tsumma da ɗigon mai sun zame mini jiki. Wanda ba zai iya wannan ba, ya ɗauki mai ƙarfen da ba ya tsatsa.

Matafiyi ya sa ta a babbar jaka, don ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu. A Ingila kuma, zoben nan da nake yabo yana cikin abubuwan da ke sa doka ta hana yawo da ita ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.