Cembar lauyan da ta rubuta mana takardar fili a Katsina

Masu shirin sayen fili ko gida a cikin Katsina, wannan naku ne. Akwai wata cemba, wato ofishin lauya, a saman bene wajen Ƙofar Ƙaura, nan muka rubuta takardar cinikin filin Yaya, ba zan kama suna ba kar a ce talla nike masu, amma aikinsu ya kwanta mani a rai sosai.

Barista da kanshi ya zauna da mu, ba akawu ya tura mana ba. Da ya ji filin na gado ne sai ya aje biro ya ce sai an kawo takardar rabon gado ta kotu, kuma sauran magada su zo su sa hannu, mai sayarwa har ya fara ƙunƙuni wai ai mai unguwa ya shaida, amma ko gezau. Da aka gama, sunanshi ya rubuta ya sa hannu, sannan ya manna hatimin nan kore na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, mai ɗauke da sunanshi da lambar rajistarshi ta Kotun Ƙoli. Shi ya faɗa mani tun 2007 a shari'ar Okafor da Nweke Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu da aka sa ma hannu da sunan ofis kaɗai ba ta da inganci, dole sai sunan mutum wanda ke cikin rajistar lauyoyi. Kuma kowace shekara sai lauya ya biya kuɗin izinin aiki kafin ƙarshen watan Maris.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, muna nan zaune wani dillali ya shigo da takarda an riga an buga ta a shagon kwamfuta, yana murmushi wai Barista a ɗan manna mashi hatimi ga na goro. Wallahi ko taɓa kuɗin bai yi ba, ya ce mashi Alhaji ka yi haƙuri, in dai ba ni na rubuta ba ba ni sa hatimina. Don doka ta hana wanda ba lauya ba ya rubuta takardar cinikin ƙasa ya amshi lada, shi kuma lauyan da ya ba da aron hatiminshi ana iya kai shi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, a gargaɗe shi ko a dakatar da shi ko ma a soke sunanshi gaba ɗaya. Abin na ci mani rai, don talaka ne zai tara kuɗi shekara da shekaru, a miƙa mashi takarda mai hatimi ya tafi gida da murna, sai ranar da rigima ta tashi a nemi lauyan ya ce shi bai ma san filin ba.

Inda suka gaza, wurin jira ƙarami ne ga zafi in an ɗauke wuta, sakatariyar kuma ba ta cika ɗaukar waya ba. Kuɗin ma ya ɗan cije in ka gwada da na masu bugawa a shago, amma dai sun ba mu rasit. Kar ku je da safe, Barista yana kotu, ku bari sai bayan la'asar, kuma ku tafi da duk takardun filin na asali da katin shaida na mai saye da mai sayarwa.