Abin da na gani a na'urar karkatar da jin sauti ƙarƙashin ruwa, bayan gwaji a Tafkin Madarunfa

Gyaran rediyo da amfilifaya ne sana'ata a Maraɗi, kuma na yi odar wannan na'ura ne don in ga ko da gaske za a iya juya kunnen na'ura zuwa wani ɓangare ba tare da an motsa ta ba. Makirfo huɗu ne na cikin ruwa a jere jikin sanda, tare da allon lantarki mai jinkirta sautin kowane makirfo kafin a haɗa su, ta yadda sautin da ya fito daga inda ake so zai ƙarfafa juna, sauran kuwa su kashe juna.

Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, saboda haka a kilohaz 10, wato girgiza dubu goma a daƙiƙa, tsawon zangonsa, wato nisan da yake tafiya a girgiza ɗaya, santimita 15 ne, shi ya sa aka bar rabinsa, santimita 7.5, tsakanin makirfo da makirfo. Wani masunci ya ɗauke ni a kwalekwalensa, ɗan'uwansa kuma ya riƙe ƴar na'urar da ke fitar da sautin daga nesa. Da na sa bambancin digiri 90, wato jinkirin rubu'in girgiza ɗaya, tsakanin kowane makirfo da na kusa da shi, sai jin ya karkata digiri 30 kamar yadda lissafi ya nuna, alhali sandar tana nan inda na ɗaure ta. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai.

Inda na samu cikas shi ne allon yana aiki ne da sauti mai amo ɗaya, wato mai saurin girgiza iri ɗaya. Da muka saurari bugun filafili, wanda ya ƙunshi amo iri-iri, sai kowane amo ya karkata nasa wuri, na kasa tantance inda yake fitowa. Irin wannan sauti jinkirin lokaci na gaskiya yake buƙata, wato a jinkirta kowane amo da tsawon lokaci ɗaya, ba da digiri ɗaya kamar yadda allon yake yi ba, takardar da ta zo da kayan kuwa ba ta faɗi haka ba. Ga shi jeri ɗaya ba ya bambanta gaba da baya, kuma a wurare marasa zurfi amsa-kuwwa daga ƙasan tafki da saman ruwa tana rikita awo.

Ga malami mai koyar da ɗalibai ilimin sauti, na'urar ta ci kuɗinta. Masuncin nan ya tambaye ni ko za ta nuna masa inda tarwaɗa take, na ce masa ya riƙe kuɗinsa ya sayi koma.