Shagon da na samu rigar Ranchers Bees a Kasuwar Barci

Jama'a duk mai neman rigar ƙwallo ta ƙungiyar gida a Kaduna ya san wahalar da ake sha, ka zaga kasuwa kaf ba abin da za ka gani sai Chelsea da Madrid da Barca, kace Ranchers Bees yaron shago ya tsaya yana kallonka. To akwai wani ɗan shago a Kasuwar Barci, Tudun Wada, mai buga suna da lamba a jesi, shi yana yin ta, kuma wallahi aikinsa ya burge ni.

Bugun tambarin ya fita tsaf, an wanke rigar an sake wankewa bai ɓare ba bai dushe ba, ɗinkin hammata da wuya ma da ƙwari. Kuɗin kuma bai kai na jesin Turai da ake cewa orijina ba, in ka iya ciniki zai rage maka.

Amma abin da ya fi kama ni mai shagon ne. Dattijo ne, yana danna injin yana ba ka tarihi, tun ƙungiyar tana DIC Bees ta kamfanin ƙera makamai na Kakuri kafin ta koma Ranchers Bees a hannun Alhaji Mukhtar Aruwa. Yaran yanzu ba su san cewa a 1988 ƙungiyar nan ta je har wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale ba, Bizerte ta Tunisiya ce ta hana mu, sannan a 1989 ta ɗauko kofin WAFU na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a hannun ASEC ta Abidjan. Daniel Amokachi daga nan ya tashi yana ɗan saurayi ya tafi Club Brugge a Beljiyam. Na ce ya buga min sunan Amokachi a baya, kai ka ga murna wajen bawan Allahn nan! Kuma tun da Sadiq Umar, ɗan wasan Super Eagles, ya shiga cikin masu mallakar ƙungiyar, matasa sun fara tambayar rigar, abin ya min daɗi sosai.

Inda matsala take, yadin yana da zafi gaskiya, da rana tsaka a watan Maris ba za ka iya zama da ita ba. Sannan alƙawari, in ya ce gobe to ka ƙara kwana biyu a kai, musamman in an ɗauke wuta don ba shi da janareta. Manyan sayis ma ba kullum ake samu ba, masu jiki sai ku yi oda tun da wuri.

Na Kaduna United ma yana yi, wadda ta ci kofin Federation a 2010, amma ban duba ingancinta ba. Ni dai zan koma in yi wa yarana ƙanana guda biyu, kuma zan roƙe shi ya nemo yadi mai shan iska ko da kuɗin zai ɗan ƙaru.