Katifar iska ko tabarma, ga mai shirin kwana a Yankari cikin hunturu

Ƙanena, tabarma. Tabarmar kaba, da siririyar katifar soso irin ta 'yan makarantar kwana, da bargo biyu. Katifar iskar nan da ka turo hotonta kana tambaya ko ita za ka saya don kwana biyun da za ku yi a Yankari ƙarshen Disamba, bar wa mai shago kayansa.

Ina da su duka biyun, shi ya sa ba na kwana-kwana. Tabarmar tana cikin but ɗin motata kullum, katifar iskar kuwa tana saman sif tun dawowarmu daga wata tafiya irin taku, ƙura ta rufe kwalinta.

Mu huɗu muka je, da wani dattijo da ke tuƙa mu. Ana gobe tafiya na sayi tawa katifar, mai cin mutum biyu, samanta da laushi kamar karammiski, har da ɗan famfon da ake jonawa a mota. Daga Bauchi muka ɗauki hanyar Gombe, muka ratse a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar sama da kilomita 40 cikin jeji kafin a kai sansanin Wikki. Da la'asar sakaliya na hura ta, ta tashi tim. Abokai suna ta tsiya, wai Alhaji ya zo da otal ɗinsa. Shi dattijon bai ce uffan ba. Ya share wuri da reshe, ya warware wata tsohuwar tabarma da gefenta ya sha ɗinki, ya ninka bargo a kai, ya kalli tawa ya ce, "Allah ya kai mu asuba."

Wajen ƙarfe biyu na dare sanyi ya tashe ni. Na lulluɓa da bargo har ka, amma bayana kamar na kwanta a kan randa. A lokacin ban gane dalili ba, sai daga baya. Iskar da ke cikin katifar fili guda ce, babu abin da ke tsare ta, tana ɗaukar sanyin ƙasa da na dare, duk juyin da ka yi ta gauraya ta kwashe ɗumin bayanka. Soso kuwa ƙananan ramuka ne birjik, kowanne ya kulle 'yar iskarsa wuri ɗaya, sai ɗumin jikinka ya zauna inda ka bar shi. Ga wani abu kuma: iskar da aka hura da zafin rana takan tsuke idan dare ya yi sanyi, don haka ko sabuwa fil ce marar huji, za ka ji ta yi laushi kafin gari ya waye. Tawa ma ba laushi ta tsaya yi ba. Kafin ƙarfe uku ƙuguna ya taɓa ƙasa, ƙafafu da kai suna sama, na lanƙwashe kamar wanda aka saka a kwando.

Motsina ya ta da dattijon. Ya matsa gefe, ya ɗaga bakin gidan sauronsa ya ce, "Taho nan Alhaji, ƙasa ba ta sacewa."

Wallahi ban taɓa jin daɗin kwanciya irin na ragowar daren nan ba. Ƙamshin kaba ya bugi hancina, sai ga ni ina yaro a gonar kakana lokacin kaka, muna kwanan gadin dammunan gero, shi a kan buzunsa, ni a kan tabarma, wutar kara tana ci a hankali. Na yi shekaru ban tuna da wannan ba. Ta cikin ragar ina hangen tarin taurarin nan, kaza da 'ya'yanta, ta karkata yamma ta kusa faɗuwa, ba ƙarar janareta, ba wayar da ke ƙugi, sai wani tsuntsu can cikin duhu da minsharin abokaina. Da muka idar da sallar asuba a kan wannan tabarmar dai, muka gangara maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Ruwan nan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa na digiri 31, dare da rana, rani da damina, kuma da sanyin safiya har tururi za ka ga yana tashi a kansa. Na shiga na jiƙa bayan da katifa ta ƙagar. Har yau idan cunkoson gari da bin layin mai suka ishe ni, wannan safiyar nake tunawa, da shayin da dattijon ya dafa mana a kurfoti, da kilishi da ƙuli-ƙuli. Ba mu ci wani abin kirki ba, amma ba wanda ya nemi ƙari.

Ina dawowa na sa aka saƙo mini tawa tabarmar daga ƙauye. Ita ce wurin sallah, ita ce teburin cin abinci, idan iskar hunturu ta matsa a jingina ta jikin mota ta zama kariya, idan ta yi datti a karkaɗe. Ƙaya ta soke ta, ka zare ƙayar ka ci gaba da barcinka. Ta roba ma tana yi, ta fi sauƙin wankewa, sai dai tana da santsi kuma ba ta da ɗumin kaba. Yadda nake jerawa: a share wurin sosai saboda tsidau da ƙarangiya, a shimfiɗa tamfol, sai tabarma, sai soso, sai bargo ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Mutane kan tara barguna duka a kansu su manta ta ƙasa sanyin ke shigowa. Aibin soso ɗaya ne, cin wuri. Naɗe shi, ɗaure da igiyar roba, sa shi cikin babbar leda saboda ƙurar hanya, ɗora a saman mota.

Ita katifar iska, in za a yi mata adalci, tana naɗuwa ta shige jaka, kuma idan baƙi suka cika gida aka hura ta a falo kan tayil, ba laifi.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Da gari ya waye a Wikki na juya tawa katifar, sai ga tsohon faci a gindin ɗinki, an shafe shi da sholisho an goge tsaf. Gwanjo ce aka mayar cikin sabon kwali aka manne da salatif. A shago mutumin ya hura mini ita, ya ce in danna, na danna na ji tauri, na biya. Ƙaramin huji ba ya nuna kansa cikin minti biyar, sai an kwana a kai. Da na mayar, sai ya ce ai ƙayar jeji ce, kuma ban karɓi rasit ba, magana ta mutu. In ka nace sai ka saya, hura ta a gida, shafa ruwan sabulu a ɗinkin da bakin bawul ka ga ko zai yi kumfa, sannan ka ɗora mata buhun shinkafa ta kwana. Masu soso ma ba waliyyai ba ne. Akwai masu cusa tarkacen guntaye cikin riga mai kyau da sunan babban kamfani a jiki. Zuge zif ka ga cikin da idonka, durƙusa a kai da gwiwa, in ka ji siminti ka ajiye. Tabarma kuwa ɗaga ta ka kalli rana, in haske yana ratsowa ko'ina saƙar ba ta yi ba. Wanda duk ya ce a intanet ka fara turo kuɗi kafin ka ga kaya, gaishe shi ka wuce.

Kuɗin da ka rage, sayi gidan sauro mai kyau da tocila ta goshi. Ku yi magana da ma'aikatan Yankari tun kafin ku tashi, su za su nuna muku inda ake shimfiɗa, kuma jejin da ya haura murabba'in kilomita 2,200, da giwaye a ciki, ba a kutsa shi sai da ɗan rakiya. Kar ka sa baƙaƙen kaya ko shuɗi mai duhu ranar da za ku zaga gefen kogin Gaji, su ƙudan tsando ya fi bi. Zazzage takalminka kowace safiya kafin ka zura ƙafa. Abinci kuma duk ya kwana a mota, gilashi a rufe, don gwaggon biran Wikki sun san ƙarar leda fiye da yaran gidanku. Burodinmu na kwana biyu, ɗaya daga cikinsu ya ɗauke shi a gabanmu, ya hau bishiya ya zauna yana ci yana kallonmu.