Wane fure za ka saya in gidanka ba bohol?

Masu saida furanni a bakin titi ba za su taɓa ce maka kar ka saya ba, su dai ka ɗauka ka biya. To amma kafin ka kinkimo ros ko ciyawar kafet ɗin nan, ka tuna ruwan sama a Kano galibi daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran watannin ɗan garuwa ne zai raya maka su jarka-jarka, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Ni dai shukar kariya nake fara nuna wa mutum. Tamu ce ta nan yankin, gindinta ƙato saboda ruwa take tarawa a ciki, shi yasa da rani in komai ya bushe ya yi furu-furu da ƙura ita sai ta zubar da ganye ta fito da fure ja mai ruwan hoda. Yawan ban ruwa ne ma ke kashe ta, saiwar ruɓewa take, dan haka tukunya mai huji a ƙasa za ka samu, ka gauraya ƙasar da yashi. Wajen saye ka danna gindin da yatsa, in ka ji lugub ajiye musu kayansu. Amma fa ruwan jikinta dafi ne, a da har kibiya ake shafa wa, in akwai yara masu kai komai baki a ɗora ta sama.

Lalle furensa ƙanana ne farare, ba wani ado sosai, sai dai ƙamshi, ga ganyen ƙunshi a ɓagas, kuma in ana aske shi shinge yake yi mai kyau. Shekarar farko dai sai an ɗan lallaɓa shi da ruwa.

Minjirya fure ja wur, reshe kawai ake kafawa ya kama, sai dai bishiya ce mai ƙaya, tsakar gidan cikin gari da aka malale da siminti ba wajenta bane.

Tumfafiya kam ko kyauta ne a'a. Ba ruwanta da ban ruwa, ko a kango fitowa take, amma nononta in ya shiga ido masifa ne, kuma baƙi za su ɗauka ciyawa ce aka ƙi cirewa.

Boganbiliya ba tamu bace, daga Kudancin Amurka aka kawo ta, amma tana jure rani, in katanga kake son rufewa na ɗaga mata ƙafa. Lalle da minjirya ka bari sai damina ta zauna, wajen Yuli, sannan ka dasa.